Layin Dogo a Kan Kanta: Yadda Za Ka Gina Ƙaramar Tashar Jirgin Ƙasa Mai Aiki da DCC

Duk wanda ya fara bincike a kan ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo masu aiki da DCC, wato tsarin sarrafa su da saƙon dijital da ake aikawa ta kan dogo, alkawarin da zai fara cin karo da shi shi ne wai waya biyu kacal za ka jona wa layin dogo, jirage su yi ta kai-komo, kowanne da nasa gudun. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai rabin maganar aka faɗa. Waya biyu ne ke fitowa daga bayan na'urar, amma kafin wutar ta isa kowane taku na dogo da ƙarfinta, sai ka shiga ƙarƙashin katako ka liƙa wayoyi ashirin ko talatin. Yawancin waɗanda suka watsar da wannan sha'awa a wannan ƙarƙashin katakon suka yi sakaci, jirgi ya riƙa tsayawa yana tashi, suka ɗora wa na'ura laifi.

A tsohon tsari, ƙarfin wutar da ke kan dogo shi ne gudun jirgi: ka ƙara wuta ya ƙara gudu, ka juya ta ya koma da baya. Idan jirage biyu suna kan layi ɗaya, tare za su tashi, tare za su tsaya. DCC ya sauya wannan. Wuta tana kan dogo a cike kullum, kimanin bolt 14 zuwa 16 a sikelin HO, kuma a cikin wutar kanta ake aika saƙo. Tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa guda. Gajeren juyi yana nufin 1, dogon juyi yana nufin 0. A cikin kowane kan jirgi akwai 'yar dikoda, ƙanwar wadda ka sani a gindin talabijin, tana sauraron lambarta. Idan aka kira lamba 3, mai lamba 3 ne kaɗai zai motsa, saura su yi kunnen uwar shegu. Wani Bajamushe, Bernd Lenz, shi ya ƙirƙiro tsarin a ƙarshen shekarun 1980, sannan ƙungiyar NMRA ta masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990. Amfanin wannan ƙa'ida shi ne dikodar ESU za ta ji maganar na'urar Digitrax, ta Zimo ta ji ta NCE, ba ka zama bawan kamfani ɗaya ba.

Mataki na farko: sikeli

Sikeli shi ne sau nawa aka rage girman jirgin gaske. HO kashi 1 ne cikin 87, tazarar dogonsa milimita 16.5, kuma shi ya fi yawa a duniya. Da shi aka gina Miniatur Wunderland na birnin Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Mutanen Birtaniya sun fi amfani da OO, kashi 1 cikin 76, a kan dogo iri ɗaya da na HO. N kuwa kashi 1 ne cikin 160, dogonsa milimita 9. Akwai Z da ya fi ƙanƙanta, akwai O da G manya, amma mai farawa ya bar su tukuna.

Ni HO ko OO nake ba da shawara. N yana da daɗin samun wuri, sai dai ƙwayar ƙura ɗaya gare shi dutse ce, ga cusa dikoda a cikinsa aikin mai gyaran agogo ne. Wanda ke zaune inda hazon hunturu ke shiga har cikin akwati ya yi wa kansa adalci.

Wani abu da za ka lura da shi idan jiragen Najeriya kake son kwaikwaya: tsohon layin da ya iso Kano a 1911, da rassansa na Ƙaura Namoda da Nguru da Maiduguri, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Dogon HO yana wakiltar mai faɗin milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Mai son daidaito ƙwarai sai ya ɗora jiragen HO a kan dogo mai milimita 12, kamar yadda wasu masu kwaikwayon layukan Afirka ta Kudu da Ostireliya ke yi. Kayan wannan suna da wuyar samu. A aikin farko ka kawar da kai, ka yi da 16.5, babu baƙon da zai zo da ma'auni.

Gargaɗi ɗaya kafin ka biya kuɗi. Jiragen HO na kamfanin Märklin suna ɗaukar wuta ne daga wasu 'yan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar layi, kuma ƙafafunsu na hagu da na dama a haɗe suke. Ka ɗora irinsu a kan dogo mai waya biyu, nan take wuta za ta haɗe. Na taɓa sayen wani kan jirgi na hannu a intanet saboda araha, mai sayarwa bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Da ya iso na kifa shi, sai ga wani dogon ƙarfe kamar cokali a cikinsa. Har yau yana kan kanta, ado kawai yake yi.

Mataki na biyu: zanen layi

Tun ran gini tun ran zane. Kowa da farko da'ira yake so, jirgi ya yi ta zagaye a kan faifan katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Ka auna kafin ka yarda. Kwana mafi matsi da yawancin jiragen HO ke jurewa tana da nisan inci 18 daga cibiya, kusan santimita 46, saboda haka da'irar kaɗai ta cinye faɗin mita guda. Hannun mutum kuma ba ya wuce santimita 70 ba tare da ya karya wani abu ba, dole ke nan ka bar hanya ta kowane gefe. Ɗaki ya tafi, uwargida ta fara magana, jirgin kuma bayan mako guda ka gaji da kallonsa yana bin jelarsa.

Abin da ya fi shi ne tasha a kan kanta, jingine da bango. Akwai wani tsari da wani ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da shi, ana kiransa Inglenook. Layi ɗaya ne ke shigowa, ya rabu gida uku ta mararraba biyu. Reshe na farko yana ɗaukar tarago 5, sauran biyun 3 kowanne, layin shigowa kuma ba ya ɗaukar fiye da kan jirgi da tarago 3. Da tarago 8 ake wasan. Shi za mu gina.

Ga lissafin. Taragon kaya na Amurka mai ƙafa 40 a HO yana kai santimita 15 da rabi idan an haɗa da maƙalai. Biyar sun ci santimita 80, uku sun ci 50. Layin shigowa ya zama 70. Mararraba matsakaiciya ta kamfanin Peco tsawonta kusan santimita 22 ne, sai ka ƙara 10 a bayanta don taragon wannan reshe kada ya gogi na wancan. Jimilla 182. Katako mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 45 ya wadatar, har da wurin gine-gine. Idan gajerun taragun Birtaniya na OO ka samu, mita ɗaya da rabi ma ta isa.

Manhajoji irin su XTrackCAD da SCARM da AnyRail suna zana layi a kwamfuta, amma a ƙaramin aiki irin wannan takardar siminti ta fi min. Ka shimfiɗa ta a ƙasa daidai girman katakon, ka jera mararrabun da taragun a kai, ka tura su da hannu ka gani ko da gaske biyar sun shiga. Kada ka sa hawa ko gangara. In ma nan gaba ka so, kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Kafin layi ya hau kan ɗan'uwansa a HO yana neman tsayin santimita 7 da rabi, wato tafiyar kusan mita 4.

Mataki na uku: katako

Ka kai wa kafinta awon, amma ka tsaya a kansa. Saman ya zama filawud mai kaurin milimita 9, firam ɗin kuma busasshen katako, ko filawud ɗin da aka tsaga faɗin santimita 8 aka tsayar da shi a gefe, wanda ya fi jure lanƙwashewa. A gitta sanda duk bayan santimita 35 ko 40. Ka guji katakon nan na matsattsen gari da ake yin kabad da shi; damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura. Kafin a rufe saman, a huda ramuka biyu ko uku a jikin kowace sandar gicciye, ta nan wayoyi za su bi. A haɗa da gam da sukuru. A shafa maganin gara, a yi fenti ko banish ciki da waje, har da bakin yanka.

Tsayi daga ƙasa santimita 110 zuwa 125. Jirgi ya fi kama da na gaske idan kana kallonsa daga gefe, ga shi kuma ƙananan hannaye ba sa kaiwa. Ka ɗora ma'aunin ruwa na magina a kai ta tsawo da ta faɗi. Tarago mai ƙafafu masu santsi ba ya ɓoye karkata, da kansa zai gangara.

Mataki na huɗu: shimfiɗa dogo

Ka sayi dogon da aka yi da farin ƙarfen da ake kira nikel silba. Na tagulla yana dusashewa, na baƙin ƙarfe yana tsatsa. Lambar da za ka gani a kwali, 100 ko 83 ko 75, tsayin ƙarfen dogon ne a ma'aunin kashi dubu na inci. Mai lamba 100 ya fi kauri kuma yana karɓar tsofaffin jirage masu manyan leɓɓan ƙafa. Shi ya dace da mai farawa. Dogo mai lanƙwasuwa na Peco yana zuwa da tsawon yadi guda, santimita 91 da 'yan kai. Guda 4 da mararraba 2 sun gama maka wannan tasha.

Da mararraba ake farawa, domin ita ba ta lanƙwasuwa, saura ne za su bi ta. Akwai wurin da dogaye biyu ke haɗuwa su yi tsini, Turawa suna kiransa kwaɗo. Na roba ne a wasu, irin Insulfrog, na ƙarfe a wasu, irin Electrofrog da Unifrog. Na roba ba ya neman ƙarin waya, amma gajeren kan jirgi mai tafiyar hawainiya yakan mutu a kansa. Tun da aikin tasharmu duka tafiya ce a hankali, na ƙarfe ya fi. Sharaɗinsa biyu ne: in Electrofrog ce, dogaye biyun da suka fito daga tsinin a sa musu mahaɗi na roba don kada wuta ta haɗe, sannan 'yar wayar da ke ƙarƙashin kwaɗon a huda mata rami ta sauka ƙasa tun yanzu, ko da ba yau za ka yi amfani da ita ba. Haka ma ramin milimita 10 a ƙarƙashin sandar da ke motsa harsunan mararrabar, saboda ranar da za ka sa mata inji.

Ka yanka dogo da almakashinsa na musamman ko zarto mai ƙananan haƙora, ka goge bakin da magagari har yatsa ya daina jin kaifi. A manne shi da siririn gam, a danne da littattafai ko gwangwanayen madara ya kwana. In ƙusa za ka yi amfani da ita, kada ka buga ta har ta danne katakon roban da dogon ke kwance a kai, tazarar dogo za ta matse.

Ka bar 'yar kafa a mahaɗar dogo da dogo, kaurin katin waya. Mita ɗaya ta wannan ƙarfe tana ƙara kusan milimita 0.4 idan zafi ya ƙaru da digiri 25, katakon kuma yana shan iskar damina ya buɗe, ya bushe da hunturu ya tsuke. Wanda ya shimfiɗa dogonsa dam-dam cikin sanyin Janairu zai tarar da shi ya yi macijiya a watan Afrilu. Bayan ka gama, ka sa ido daidai da kan dogon ka hango tsawonsa kamar mai duba miƙewar sanda, sannan ka tura tarago ɗaya da yatsa ta kowane reshe sau goma. Inda ya yi tsalle, gyara yanzu.

Mataki na biyar: waya

A nan za ka daɗe, kuma a nan ya kamata ka daɗe.

'Yan mahaɗan ƙarfen da ke riƙe dogo da dogo an yi su ne don su daidaita shi. Suna wuce da wuta yau, amma bayan shekara sun saki, datti ya shiga. A tsohon tsari abin da za ka gani jirgi ya ɗan rage gudu. A DCC kuwa saƙon ne ke yankewa: fitila ta yi ƙyaftawa, jirgi mai sauti ya yi shiru ya sake kunna injinsa daga farko. Mafi muni, idan wuta ta haɗe a can ƙarshen layi, na'urar ba za ta ji ba balle ta yanke, zafi ya yi ta taruwa har roba ta narke.

Maganin shi ne uwar waya da 'ya'yanta. Uwar wayoyi biyu ne masu kauri, ja da baƙa, irin mai lamba 1.5 da ake wayarin gida da ita, su bi ƙarƙashin katako daga wannan kai zuwa wancan ta ramukan da kafinta ya huda. 'Ya'yan kuma sirara ne, 0.5 ko ƙasa da haka, kada tsawonsu ya wuce santimita 20 ko 25. Kowane yanki na dogo, komai gajartarsa, a ba shi nasa biyu. Ƙa'idar launi ɗaya ce kuma ba a saɓa mata: dogon da ke kusa da kai ja, na kusa da bango baƙi. Ka rubuta ta da alƙalami a ƙarƙashin katakon, don ranar da kake kwance rigingine hagu da dama sukan rikice.

Liƙin dalma shi ke tsorata mutane. In ba ka taɓa yi ba, ka je ka zauna awa guda wurin mai gyaran rediyo, sannan ka gwada a guntayen dogo. Ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa, dalmar kuma ta kayan lantarki ce mai ƙaro a cikinta, ba ta masu gyaran famfo mai ruwan asid ba. Ka kankare gefen dogon na waje, ko ƙasansa in ba ka manne shi ba tukuna. Ka shafa wa wurin dalma, ka shafa wa bakin wayar, ka haɗa su ka taɓa da ƙarfen daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarfe mai zafi sosai da hannu mai sauri shi ke tsirar da katakan roba. Mai ɗumi-ɗumi da ake dannawa ana jira shi ke narkar da su. Jiƙaƙƙen auduga a gefe biyu yana taimakawa. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ka ja wayar ba ta fita.

Kada ka liƙa duka sannan ka gwada. Ka saita mitar gwajin wuta a inda take ƙara idan waya biyu suka haɗu, ka maƙala ta a uwar wayoyin. Duk ɗiyar da ka jona, ka saurara. Da ta yi ƙara, ka san ta ƙarshen nan ce mai laifi, ba sai ka bi talatin ɗaya bayan ɗaya ba.

Saura wayar kwaɗo. Shi kwaɗo wani lokaci ja yake so, wani lokaci baƙi, gwargwadon inda mararraba ta fuskanta. Hanya mafi araha ita ce ƙaramin makunni mai ƙafa uku: ta tsakiya ta tafi kwaɗo, na gefe su tafi ja da baƙi, a huda hannun makunnin a sa siririyar sandar ƙarfe da za ta tura harsunan mararrabar. Turi ɗaya, aiki biyu. Mai kuɗi ya sa injin Tortoise, wanda ke juya mararraba a hankali kuma yana da makunnai a jikinsa, ko ya sa 'yar na'urar da ke gane fuskar wuta da kanta ta juya. Irin wannan na'urar ce kuma ake buƙata duk ranar da ka gina layin da ke zagayowa ya koma kan kansa, domin a nan ja ke cin karo da baƙi. Tasharmu ba ta da wannan matsala.

Mataki na shida: na'urar umarni

Abubuwa uku ne: ƙwaƙwalwar da ke shirya saƙo, mai ƙara masa ƙarfi ya hau dogo, da linzamin da ke hannunka. A ƙananan na'urori duka suna cikin akwati ɗaya. Kan jirgin HO na zamani yana jan kusan rabin amfiya, saboda haka mai amfiya 2, kamar Power Cab na NCE, ta ishi jirage uku. Z21 na Roco da wayar hannu ake sarrafa shi. Mai ƙaramin ƙarfi da ya saba da kayan lantarki kuma ga DCC-EX: allon Arduino Mega, da allon tuƙa mota a kansa, da manhaja kyauta, sai manhajar Engine Driver a wayar Android ta zama linzami. A wurinmu wannan yana da wata fa'ida, domin kayan Arduino sun fi sauƙin samu a kasuwa fiye da kayan jirgin.

Ka duba jikin adaftar kafin ka soka ta a bango. Ta Amurka wani lokaci bolt 120 kawai take ɗauka, tamu kuwa 230 ce. Ka nemi wadda aka rubuta 100 zuwa 240. Ka bi da ita ta sitabilaiza ko inbata, kuma idan aka ɗauke wuta ka zare, kada dawowarta ta same ta a jone.

Da ka jona, gwajin kwandala ne na farko. Ka ɗora kwandala ko bakin sukudireba a kan dogayen biyu, a kowane reshe, har ƙarshensa. Dole na'urar ta yanke wuta nan take. Inda ta yi jinkiri, waya ta yi siriri ko liƙi bai kama ba. Kada ka damu idan mitarka ta nuna wani adadi daban a kan dogo. Mitar gida ba ta karanta wutar DCC daidai, kusa-kusa kawai take bayarwa.

Mataki na bakwai: dikoda da saitinta

Idan kwali ya ce jirgi a shirye yake don DCC, soket ne kawai a ciki, dikodar kai za ka saya. Ka ƙirga ƙafafun: 6, 8, 18, 21 ko 22. Ka cire toshiyar da ke ciki ka soka. Tsohon jirgi mara soket sai an liƙa, kuma launukan a ƙa'ide suke: ja dogon dama, baƙi dogon hagu, ruwan lemo da ruwan toka su tafi mota, fari fitilar gaba, rawaya ta baya, shuɗi kuma na tarayya ne ga fitilun. Babban abin da ke ƙona dikoda shi ne: ƙafar mota ta taɓa jikin ƙarfen jirgin ko wayar da ke ɗauko wuta daga ƙafafu. Ka gwada da mita kafin ka jona komai.

Ka ware guntun dogo daban, shi ne layin saiti. Wutarsa kaɗan ce, ko da ka yi kuskure dikoda ba za ta ƙone ba. Duk sabon jirgi nan zai fara sauka. Jirgin da ba shi da dikoda kuma kada ka ajiye shi a kan dogon DCC. Zai yi ta gunji a tsaye, motar tana ɗaukar zafi.

Cikin dikoda akwai 'yan ma'ajiyai masu lamba, ana kiransu CV. Sun fi ɗari, amma kaɗan za ka taɓa. CV1 gajeriyar lambar jirgi ce, daga 1 zuwa 127, kuma kowace sabuwar dikoda da 3 take zuwa, don haka ka canza ta tun ranar farko. CV2 ƙarfin tashi: ka ƙara shi kaɗan-kaɗan har jirgi ya fara rarrafe a taki na farko, wato matakin gudu mafi ƙasa a linzami. CV3 da CV4 nauyin tashi da na tsayawa ne; a kanta mai mita 2 ka sa su ƙasa-ƙasa, in ba haka ba za ka daki ƙarshen layi. CV5 iyakar gudu, ka rage shi sosai. CV29 kuma tarawa ake yi: 2 don taki 28 ko 128, a ƙara 4 in ana son ya yi aiki a tsohuwar wuta, a ƙara 32 don doguwar lamba, a ƙara 1 in yana tafiya baya alhali ka ce gaba. Ni ba na ƙara 4 ɗin nan, domin shi ke sa jirgi wani lokaci ya rikice ya zabura da gudu.

Doguwar lamba tana zaune a CV17 da CV18. A ce kana son 1911. Ka raba da 256, ka sami 7, saura 119. CV17 ya zama 192 a tara da 7, wato 199. CV18 ya zama 119. CV29 ya zama 34. Yawancin na'urori suna yi maka wannan lissafin, manhajar DecoderPro ta JMRI kuma tana nuna komai a allon kwamfuta ta adana maka. In ka dagula saiti, a dikodoji da yawa rubuta 8 a CV8 yana mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, amma ka duba takardarta, ba duka suke haka ba.

Mataki na takwas: ado, bayan wata guda

Ka yi wata guda kana tuƙa jirgi a kan tsirarin katako kafin ka zuba ko tsakuwa ɗaya. Bayan gam ya bushe, gyaran waya ya zama tiyata.

Tsakuwar layi ana baza ta da busasshen buroshi, a fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan a ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Kada gam ya kusanci harsunan mararraba. Ƙasa kuwa ga ta a ƙofar gida: jar ƙasa ko rairayi, a soya a tsohon kasko, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan a bi ta da maganaɗisu. Za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai fito, wanda da motar jirginka ce za ta zuƙe shi.

Rassa uku da tarago takwas sun yi kama da wurin lodin gyada a Kano ta da. A HO mutum kusan santimita 2 ne, buhu kuma kusan santimita 1 ne. Ka sassaƙa dala da farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ka lulluɓe ta da 'yan buhunan yumɓu, ka ƙara sito mai rufin kwano da kuka ɗaya da aka murɗa da wayar tagulla. Gam mai ƙarfin wari yana cinye wannan soson, farin gam za ka yi amfani da shi.

Ƙura ita ce abokiyar gabar dindindin. Ka ɗinka wa tashar murfi, ko da na leda ne a kan firam. Ka goge kan dogo da ƙyalle mara gashi da ɗan sifirit, kada ka kusance shi da samfefa, karcen da take bari datti yake tarawa. Ƙafafun jirgi ma haka: ka jiƙa ƙyallen ka shimfiɗa a kan dogo, rabin ƙafafun a kai, rabi a kan ƙarfe, ka ba shi wuta su juya. Jirgin da har yanzu yake tuntuɓe, ka auna tsakanin bayan ƙafafunsa, ya kamata ya zama kusan milimita 14.5, ko ka ƙara masa ɗan ma'ajin wuta da ke riƙe shi daƙiƙa ɗaya ko biyu idan ya taka datti.

Yanzu wasan. Ka rubuta lambar kowane tarago a kati, ka jera biyar a dogon reshe, uku a ɗaya daga cikin gajerun. Ka cakuɗa katunan ka zaro biyar. Aikinka ka haɗa waɗannan biyar a dogon reshe bisa jerin da suka fito, ba tare da ka ɗaga ko ɗaya da hannu ba, kuma layin shigowa ba ya ɗaukar fiye da uku a lokaci guda. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Maƙalan Kadee ana raba su da maganaɗisun da aka binne a ƙarƙashin layi, amma tsinken tsire ma yana yi: ka soka shi tsakanin maƙalan biyu, ka ɗan murza, ka ja jirgin baya a taki na biyu.